Benjamin Franklin: Baƙon Da Ya Zama Uban Gari

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin 'yan canji a Ikko, ko Ibadan, ko Fatakwal, lalle ya ga takardar dala 100 ta Amurka, ya kuma ga hoton dattijon nan mai faɗin goshi da ke jikinta. Da yawa daga cikin masu juya wannan takarda safe da yamma sun ɗauka ɗaya ne daga cikin shugabannin ƙasar Amurka na dā. Alhali kuwa ba haka ba ne. Sunansa Benjamin Franklin, bai taɓa zama shugaban ƙasa ba, bai gaji sarauta ba, bai gaji dukiya ba, zamansa a makaranta kuwa duka-duka shekara 2 ne. Yaro ne da ya bar garinsu yana da shekara 17, ya tafi neman abinci wani birni inda ba wanda ya san uwarsa balle ubansa, ya zauna a can har ta kai ba a iya ba da tarihin birnin, kai har da na ƙasar baki ɗaya, ba tare da an ambaci sunansa ba.

Tarihin irin wannan mutum ya cancanci a ba shi fili a shafin da 'yan Arewa mazauna Kudu ke karantawa, domin tambayar da ya amsa da rayuwarsa ita ce tambayar da ke gaban kowane mai zaman baƙunci: ta wace hanya baƙo zai sami gindin zama a garin da ba nasa ba, har a riƙa shawara da shi, a riƙa jin nauyin taɓa shi? Amsar Franklin ita ce baƙo ya haɗa kai da masu ƙaramin ƙarfi irinsa, su tara kwabo da sisi, su gina abin da dukan gari zai amfana da shi, sa'an nan su shiga sha'anin mulkin garin da ƙafarsu. Ya bi wannan hanya ya ci nasara, ya kuma yi tuntuɓe a wasu wurare, tuntuɓen nasa ma akwai abin koyo a ciki.

ASALINSA DA FITOWARSA

An haife shi a birnin Boston ran 17 ga Janairu, 1706, lokacin da ƙasashen gaɓar Amurka ta Arewa suke ƙarƙashin Sarkin Ingila. Ubansa, Josiah, sana'arsa dafa sabulu da yin kyandir da kitse, yana da 'ya'ya 17, Benjamin ne na 15. Yana shekara 10 aka cire shi daga makaranta don ya taya uban aiki, da ya kai 12 kuma aka damƙa shi ga wansa James, mai maɗaba'a, bisa sharaɗin zai yi masa barantaka har ya cika shekara 21. A nan ya koyi jera haruffa da buga takardu. Da dare kuma sai ya ari littafi a ɓoye wurin yaran masu kantin littattafai, ya kwana yana karatu, gari na wayewa ya mayar kafin maigidansu ya lura. Amma zama da wan nasa bai yi daɗi ba, ga faɗa ga duka, saboda haka cikin 1723 ya sayar da 'yan littattafansa ya yi kuɗin jirgin ruwa, ya gudu.

Ya fara sauka Niyok bai sami aiki ba, ya wuce Filadelfiya, babban birnin Pensilbaniya, ya isa cikin watan Oktoba, wata ranar Lahadi da safe. Ya sauka daga kwale-kwale duk ya yi daƙal-daƙal, aljihunsa cike da 'yan tsummokinsa, kuɗinsa kuwa dala guda ce ta Holan da 'yan kwabbai. Ya sayi burodi na kwabo 3 aka ba shi manya guda 3, ya ci ɗaya, ya ba wata mace da ɗanta waɗanda suka zo tare cikin kwale-kwalen sauran biyun. Daga nan ya bi ayarin mutane ya shiga ɗakin ibadar wata ɗariƙar Kirista da ake kira Kwaka, gajiya ta kada shi, barci ya kwashe shi a wurin. Duk wanda ya taɓa dirowa daga bayan motar shanu ko ta albasa da asuba a wata kasuwar Kudu, bai san inda zai sa haƙarƙarinsa ba, ba ya bukatar a yi masa fassarar wannan hali.

ROMON BAKAN GWAMNA

Bai daɗe ba ya sami aiki a maɗaba'ar wani mai suna Samuel Keimer. Ana nan sai Gwamnan Pensilbaniya, Sir William Keith, ya ji labarin hazaƙar yaron, ya jawo shi a jiki, ya yi masa alkawarin zai kafa masa maɗaba'a tasa ta kansa. Ya ce ya tafi Landan ya sayo injin da haruffa, shi kuwa zai haɗa shi da takardun shaida da na lamuni. Franklin ya shiga jirgi cikin 1724 yana murna. Sai da ya sauka Landan ya gane ba takarda ko ɗaya da Gwamna ya rubuta masa. Ashe mutumin haka halinsa yake, son a yabe shi ya sa yake rabon alkawari, tun da alkawari ba ya cin kuɗi. Tilas yaron ya nemi ƙodago a maɗaba'un Landan, ya yi wajen shekara ɗaya da rabi kafin ya komo cikin 1726.

Wannan wahala ta zama masa makaranta. Tun daga ranar bai sake ɗora rayuwarsa a kan fara'ar babban mutum guda ba. Ya lura cewa ubangida na iya mutuwa, ana iya tuɓe shi, yana kuma iya mantawa, amma ƙungiyar da ke da doka a rubuce da asusu da ranar taro ba ta mantuwa.

TARON MASU SANA'A

Cikin 1727, yana da shekara 21, ya tara abokansa suka zama su 12, suka kafa wata ƙungiya da suka kira Junto. Yawancinsu masu aikin hannu ne da ƙananan ma'aikata: akwai baduku, da kafinta, da mai sa gilashin taga, da mai awon filaye, da akawu, da mabuga takardu. Kowace Juma'a da dare suke haɗuwa, kuma suna da jerin tambayoyi da ake karantawa a kowane zama. Ana tambaya ko akwai wanda ya karye a kasuwa kwanan nan, me ya karya shi. Ana tambaya ko akwai wanda ya bunƙasa, ta wace hanya. Ana tambaya ko wani baƙon kirki ya sauka a gari wanda ya kamata a taimaka masa, ko wani yaro ya buɗe sana'a da za a iya ɗaga shi, ko kuwa an ga wani lahani a dokokin ƙasa da ya kamata a kai kuka majalisa. Kafin a karɓi mutum kuwa sai ya tabbatar a gaban kowa cewa ba ya ƙin ɗan Adam saboda sana'arsa ko addininsa, kuma bai yarda a cuci wani saboda ra'ayinsa ko yadda yake ibada ba.

Mai karatu ya dubi waɗannan tambayoyi da kyau. Hira ce irin wadda ake yi kullum a bakin rumfa da gindin mai shayi, sai dai an sa mata rana, an sa mata tsari, an kuma ɗaura mata niyyar aikatawa. Daga cikin wannan taro ne mutum biyu, William Coleman da Robert Grace, suka ranta wa Franklin jarin da ya mallaki maɗaba'arsa shi kaɗai. Cikin 1729 ya sayi jaridar Pennsylvania Gazette, daga ƙarshen 1732 kuma ya fara fitar da wata kalanda mai ɗauke da karin magana da nasihohi, wadda aka riƙa sayen kwafi wajen 10,000 a shekara.

Abin da ƙungiyar ta haifa shi ne abin mamaki. Littattafai a lokacin daga Ingila ake kawo su, sun fi ƙarfin talaka. Sai cikin 1731 Franklin ya nemo mutum 50, kowa ya zuba sule 40 na shiga, da alkawarin sule 10 kowace shekara, aka yi odar littattafai, aka buɗe ɗakin karatu na aro. Wannan ɗakin karatu yana nan har yau. Birnin kuma yana fama da gobara, ba kuwa 'yan kwana-kwana. Cikin 1736 ya haɗa mutum wajen 30 suka yi yarjejeniya kowa ya tanadi gugunan fata da jakunkunan kwashe kaya, da an ji kururuwa a fito gaba ɗaya. Suna taro wata-wata, wanda ya yi fashi a ci shi tara, kuɗin tarar kuma a sayi tsani da sauran kayan aiki. Da wasu unguwanni suka ga amfanin abin sai su ma suka kafa nasu, cikin 1752 kuma aka ƙara da kamfanin inshorar gobara. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa. Su waɗannan tanadin ruwan suka yi tun wutar ba ta tashi ba.

Har ila yau ya duba sha'anin gadin dare, ya ga ana karɓar sule 6 a shekara daga gwauruwar da ba ta da komai, ana karɓar sule 6 daga attajirin da sito-sitonsa ke cike da haja. Ya rubuta cewa wannan zalunci ne, kowa ya biya gwargwadon abin da ake tsare masa, daga bisani aka mai da shawarar doka. Cikin 1751 wani likita, Thomas Bond, ya so ya kafa asibiti don marasa galihu, wakilan ƙauyuka a majalisa suka ƙi, suka ce birni kaɗai zai mora. Franklin ya kawo dabara: majalisa ta yi alkawarin fam 2,000, amma ba za ta biya ba sai jama'a sun tara fam 2,000 nasu. 'Yan majalisa suka yarda don suna zaton ba za a iya ba, jama'a kuwa da suka ji kowane fam nasu zai jawo wani fam sai suka yi ta bayarwa har aka zarce. A wannan shekara kuma makarantar da ya yi ta fafutukar kafawa ta buɗe, ita ce ta zama Jami'ar Pensilbaniya.

Akwai wani sirri da ya bayyana daga baya game da yadda yake tafiyar da irin waɗannan ayyuka. Ya ce ya lura in mutum ya fito ya ce shawarar tasa ce, sai hassada ta tashi, a kashe abin don kada ya yi suna. Saboda haka sai ya riƙa cewa wasu abokai ne suka aiko shi. Ƙungiyoyi nawa ne suka mutu a zangon Hausawa saboda rigimar wa zai zama shugaba, tun ba a tara ko sisi a asusu ba?

ZAMANIN WAYEWAR KAI

Franklin ya rayu a ƙarni na 18, wanda masana tarihin Turai ke kira Zamanin Wayewar Kai. Manufar masanan wannan zamani ita ce a auna kowace magana da hankali da gwaji, kada a karɓe ta don kawai wani babba ne ya faɗa, kuma ilimi ya zama mai amfani ga rayuwar mutane. Da ya kai shekara 42, cikin 1748, sai ya bar wa abokin cinikinsa David Hall gudanar da maɗaba'a, ya koma binciken lantarki. Cikin 1752 aka tabbatar da ra'ayinsa cewa walƙiya da aradu lantarki ne, shi kuma ya ƙago sandar ƙarfe da ake kafawa bisa dogon gini, a haɗa ta da waya zuwa cikin ƙasa, in aradu ta faɗo ta bi ta nan ta wuce ba ta ƙone gida ba. Sandar nan da ake gani yau bisa hasumiyoyi da dogayen benaye, asalinta ke nan. Ƙungiyar masana ta Landan ta ba shi lambar girma cikin 1753. Abin lura shi ne bai yi rajistar wannan ƙirƙira don ya ci kuɗinta ba, haka ma murhun ɗumama ɗaki da ya ƙago, domin a ganinsa yadda shi ya mori basirar na gabansa kyauta, haka ya kamata na baya su mori tasa.

Wajen addini kuwa, shi ba mai yawan zuwa coci ba ne. Makonni kaɗan kafin rasuwarsa ya rubuta wa wani malami cewa ya gaskata Allah ɗaya ne Mahalicci, Mai tafiyar da al'amura, akwai sakamako bayan mutuwa, kuma hidimar da ta fi karɓuwa ita ce kyautata wa bayinSa. Ya ba da gudunmawa ga ginin ɗakunan ibada na ɗariƙu dabam-dabam, har da na Yahudawa. Game da wani babban zauren wa'azi da aka gina a Filadelfiya wajen 1740, wanda yana cikin masu kula da shi, ya rubuta cewa ko Muftin Istanbul ne ya aiko mai wa'azin Musulunci, zai tarar da mumbari yana jiransa.

INDA YA ZAME DA INDA YA TSAYA

Cikin 1751 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Pensilbaniya. A wannan shekara ce kuwa ya rubuta abin da ya zama tabo a tarihinsa. Jamusawa suna ta kwararowa ƙasar, manoma ne matalauta masu riƙe da harshensu, sai Franklin ya kira su bagidaje, ya yi kukan za su mamaye ƙasa, ba za su koyi Ingilishi ba, za su mai da kowa Bajamushe. Wannan fa mutumin da ya sauka garin da dala guda ke nan. Lalle laifi tudu ne. Baƙon jiya da ya sami wurin zama yakan fi kowa saurin tura ƙyaure a fuskar baƙon yau, kuma wannan cuta ba ta Turawa kaɗai ba ce.

Amma bayan shekara 12 ya nuna wani hali dabam. Cikin 1763 yaƙi ya ɓarke a bakin iyaka tsakanin Turawa 'yan kama-wuri-zauna da wasu ƙabilun 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa. Wasu Turawa daga yankin Paxton, maimakon su fuskanci waɗanda suka kai musu hari, sai suka faɗa wa wata 'yar ƙaramar al'umma ta Conestoga wadda ta daɗe tana zaman lafiya da kowa. Ran 14 ga Disamba suka kashe mutum 6 a ƙauyensu. Hukuma ta ɓoye sauran 14 a gidan kaso na garin Lancaster don ta tsare su, ran 27 ga watan maharan suka fasa ƙofa suka karkashe su, har da mata da yara. Ba wanda aka hukunta.

Franklin ya buga wata ƙasida mai zafi a farkon 1764. Hujjarsa ita ce, in mutum guda ya yi maka laifi, da wane dalili za ka rama a kan duk wanda ya yi kama da shi? Ya ce in haka ne, ashe in mai jan gashi ya kashe wa mutum iyali, sai ya bi duk masu jan gashi na duniya yana kashewa. Don ya kunyata 'yan'uwansa Kirista, sai ya kawo musu misalan yadda Larabawa, da Musulmin Andalus, da Sarki Salahuddin, da baƙaƙen fata na gaɓar Afirka ta Yamma suke riƙon amanar wanda ya shiga hannunsu. Cikin Fabrairu maharan suka tasam ma Filadelfiya su ɗaruruwa don su kashe wasu 'yan ƙasar wajen 140 da aka ba mafaka a birnin. Franklin ya taimaka aka shirya masu tsaron gari, sa'an nan ya fita tare da wasu manya ya tare su a Germantown, aka yi magana har suka juya. A zaɓen Oktoba na wannan shekara ya rasa kujerarsa. Dalilan suna da yawa, amma abokan hamayya sun tono maganar nan da ya yi a kan Jamusawa suka yaɗa, masu goyon bayan maharan kuma suka juya masa baya. Watau a zaɓe guda ya biya bashin ƙaryarsa, ya kuma biya kuɗin gaskiyarsa.

NEMAN 'YANCIN KAI

Ya yi shekaru masu yawa a Landan yana wakiltar ƙasashen Amurka, kuma da fari mai son Sarki ne na gaske. Cikin 1766 ya tsaya gaban Majalisar Ingila ya yi bayanin dalilin da ya sa Amurkawa suka ƙi harajin kan sarki da aka ɗora musu ba da shawararsu ba, aka kuwa soke harajin. Amma ran 29 ga Janairu, 1774, aka tsai da shi gaban majalisar mashawartan Sarki, babban lauyan gwamnati ya yi ta ci masa mutunci ana dariya, shi kuwa bai ce uffan ba, aka kuma tuɓe shi daga muƙaminsa na gidan waya. Ya komo gida cikin 1775 ya rungumi neman 'yanci.

Yana cikin mutum 5 da aka ɗora wa shirya takardar shelar 'yancin kai ta 1776, wadda Thomas Jefferson ya rubuta, kuma shi ne mafi tsufa cikin waɗanda suka sa mata hannu, yana da shekara 70. A ƙarshen shekarar aka aike shi Faransa neman taimako. Sunan da ya yi wajen binciken lantarki ya buɗe masa ƙofofi, cikin Fabrairu 1778 Faransa ta ƙulla ƙawance da Amurka, ta ba da kuɗi da jiragen ruwa da soja, waɗanda da su ne aka karya rundunar Ingila a Yorktown cikin 1781. Shi da John Adams da John Jay suka sa hannu a yarjejeniyar Faris ta 1783 wadda Ingila ta amince da 'yancin Amurka a cikinta. Cikin 1787, yana da shekara 81, ya zauna a taron rubuta tsarin mulki, ya yi tsayayya da masu son a ce sai mai dukiya zai riƙe muƙami, a ranar ƙarshe kuma ya roƙi wakilai kowa ya rage amincewa da cewa shi kaɗai ke da gaskiya, a sa hannu ko da akwai abin da bai gamshi mutum ba.

Wannan ɗaukaka ba ta zo kyauta ba. Matarsa Deborah ta rasu a Filadelfiya cikin Disamba 1774, shekara 10 rabonta da ganinsa. Ɗansa William, wanda yake Gwamnan New Jersey, ya tsaya bayan Sarki, suka ɓata har abada. Mai dogon zama a Kurmi wanda ya bar iyali a gida ya yi wa kansa hisabi a nan. Bugu da ƙari, Franklin ya mallaki bayi, jaridarsa kuma ta sha buga tallan sayar da bayi da cigiyar waɗanda suka gudu. Sai cikin 1763, da ya ziyarci wata makarantar 'ya'yan baƙaƙen fata ya ga fahimtarsu daidai take da ta 'ya'yan Turawa, ra'ayinsa ya soma juyawa. Cikin 1787 ya zama shugaban ƙungiyar yaƙi da bauta ta Pensilbaniya, cikin Fabrairu 1790 kuma ya sa hannu a takardar koke ga majalisar ƙasa a kawo ƙarshen bauta. Majalisa ta yi watsi da ita, bauta ta ci gaba har 1865. Ya gane gaskiya, amma ya makara, kuma ba daidai ba ne a ɓoye wannan don ana yabonsa.

Ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1790, yana da shekara 84, mutum wajen 20,000 suka raka gawarsa. A cikin wasiyyarsa ya bar fam 1,000 ga Boston inda aka haife shi, da fam 1,000 ga Filadelfiya inda ya yi arziki, bai fifita ɗaya bisa ɗaya ba. Ya ce a riƙa ranta wa samari masu sana'ar hannu da suka gama koyo, suka yi aure, ba su kai shekara 25 ba, don su kafa kansu, domin bai manta da rancen da abokai biyu suka yi masa ba. Ya tsara kuɗin su yi ta juyawa shekara 200. Da wa'adin ya cika cikin 1990, ban da abin da aka cira bayan shekara 100 na farko aka yi ayyuka, asusun Boston ya haura dala miliyan 4, na Filadelfiya kuma wajen miliyan 2.

ABIN DA YA RAGE GA MAI ZAMAN BAƘUNCI

Mai hankali zai iya cewa ai Franklin Bature ne ya je garin Turawa, harshensu ɗaya, ba wanda ya tambaye shi takardar shaidar asalin jiha, alhali ɗan Arewa a Kudu yana fama da bambancin harshe da na addini, ga kuma zargin da ake yi masa in wani can ya yi laifi. Wannan magana gaskiya ce. Abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan cikin Fabrairu 2021, inda rigimar mutane kaɗan ta jawo asarar rayuka da ƙone rumfuna, da kisan matafiya 16 a Uromi cikin Maris 2025, duk sun nuna ruwan Conestoga bai ƙafe ba. Amma wannan wahala ƙarin dalili ce na bin hanyar Franklin, domin wanda ya fi kowa zama cikin haɗari shi ya fi kowa bukatar ƙungiya mai tsari da abokai a cikin 'yan gari. Ƙa'idar da ya kafa kuma kaifi biyu gare ta: wanda ba ya son a kama shi da laifin wani a Ibadan, tilas ya ƙi a kama Bayarabe ko Ibo da laifin wani a Kano.

Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 aka kafa ta, akwai gidajen da jikoki da tattaɓa-kunne duk a nan aka yanke musu cibi. Zaman da ya haura shekara 100 ya wuce a kira shi ci-rani. Adashi da kuɗin ƙungiya da ake tarawa don biki da jana'iza abu ne mai kyau, amma lokaci ya yi da wani kaso zai tafi ga rijiyar burtsatse, da kayan kashe gobara a kasuwa, da ɗakin shan magani, da ajin koyon karatu da harshen masu gari, da asusun jari ga yaran da suka gama koyon sana'a, kuma a bar ƙofar a buɗe ga maƙwabci ko daga ina ya fito. Mutum ba ya saurin cinna wuta a rumfar wanda ɗansa ke shan ruwa a famfonsa. Sarakunan Hausawa suna da ƙoƙarinsu da darajarsu, sai dai labarin Gwamna Keith ya isa gargaɗi cewa al'umma ba ta rataya wuyanta a kan mutum guda, ko a kan ɗan siyasar da ba a ganinsa sai zaɓe ya ƙarato.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 41 da na 42 da na 43, ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama inda ya so, ya hana a nuna masa bambanci saboda asali ko addini, ya kuma ba shi ikon mallakar fili da gida a ko'ina. Amma haƙƙin da ke cikin takarda sai an bi shi da ƙafa. Mai katin zaɓen da ke rajista a ƙauyen da ya bari shekara 20 da suka wuce ba shi da bakin magana wurin kansilan unguwar da yake kwana, alhali doka ta yarda ya mai da rajistarsa inda yake zaune. Abin kuwa ba sabo ba ne a ƙasar nan. Cikin shekarun 1950 Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya shiga jam'iyyar NCNC a Inugu, ya yi aiki tare da 'yan gari, har aka zaɓe shi magajin garin Inugu na farko. Jam'iyyar da ke kiran kanta ta ƙasa baki ɗaya kuwa, nauyi ne a kanta ta buɗe rassanta na mazaɓu ga irin waɗannan mutane, ta ba su kujera a wurin shawara, kada ta tuna da su ranar ƙidayar ƙuri'a kaɗai.

An ce da ɗan gari kan ci gari. Tarihin Franklin ya ƙara da cewa zama ɗan gari abu ne da ake iya samu da aiki, in an haɗa kai, aka yi haƙuri, aka kuma riƙe gaskiya ko da za ta ci kujera. Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya tsare matafiyi da mazauni, amin.